Baba, Almakashi!

Ranar Litinin da rana tsaka Manaja ya tsaya a gaban kantar shagonmu, wayarsa a hannu, ya faɗa wa Yayata cewa ya ba ta wa'adi zuwa Alhamis. A gaban teloli huɗu ya faɗa, da wata mata mai neman zare. Ni ina saman tsani ina jera kwalayen maɓalli.

"Anti, ba raini ba ne," in ji shi. Duk sanda ya fara da haka, to rainin ne ke tafe. "Sau uku ina kiran Injiniya, sau uku yana cewa lafiyar na'urar nan ƙalau. Yana juya baya sai ta mutu a hannunki. In Alhamis ta zo ba ta daidaita ba, zan kawo wadda ta iya, ke ki koma jera kaya."

Yaya ta gyara zaman tabarau ɗinta, ta ce, "To, Manaja." Shi ke nan abin da ta ce. Ni kuwa na gane nufinsa, don kowa a shagon ya san gwiwar Yaya ba ta hawa tsani. Jera kaya sallama ce aka yi wa kwalliya.

Shagonmu na kayan ɗinki ne. Zare, allura, zif, maɓalli, tef ɗin awo, man keke, duk abin da tela zai nema in aiki ya tsaya masa. Baba, mahaifin Manaja, shi ya kafa shi tun ba a haifi Manajan ba. Yaya ta zo masa shekara ashirin da shida da suka wuce, da goyo a bayanta, mijinta ya rasu wata biyar, ba ta da komai sai karatun firamare da idon da ba ya ɓatan launi. Baba ya miƙa mata ƙyalle ya ce ta nemo masa zaren da ya dace. Ta nemo. Ya sake miƙa mata wani, ta sake nemowa. Sai ya jawo kujera bayan kanta ya ce, "Zauna nan, 'yata." A kan kujerar nan ta yaye ɗanta, a kanta ta aurar da shi, kuma ita ta jawo ni shagon da nawa auren ya mutu. Teloli suna kiranta Uwar Kanta. Tela zai ajiye mata guntun yadi, ba ta ko tashi, sai ta ce min, "Jeri na uku, kwali na biyu daga hagu," kuma ban taɓa dawowa in ce ba shi ba ne. Ni Baba yana kirana Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai a rage min murya.

Shekara biyu ke nan da Baba ya yi doguwar jinya ya miƙa wa ɗansa shagon. Abu ɗaya ya riƙe: ɗakin baya, da kabad ɗin ƙarfe da ke cikinsa. A kabad ɗin ake ajiye kaya masu tsada, manyan almakasai da ƙugiyoyin keke da irinsu. Makullin yana ɗaure da igiya a maɓallin aljihunsa. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa kaya masu guga, ya zo ya zauna a bayan labule. In an nemi abin kabad, Yaya ta ɗaga murya ta ce, "Baba, almakashi!" Sai mu ji ƙarar kwaɗo, sai ƙofar ƙarfe ta yi kuka, can sai hannunsa ya ɓullo ta gefen labule. Ba mai wuce labulen nan in ba shi ya kira ba. Dokokinsa biyu ne tun fil'azal: abu mai tsada ba ya zama a fili, kuma ba a barin mai sana'a yana jira.

Ba zan ɗora wa Manaja abin da bai yi ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Bara Baba ya taɓa fita zai koma gida ya bi wani titin daban, sai wani tela ne ya dawo da shi. Tun ranar Manaja ya faɗa a kunnenmu, "Kuskure ɗaya ya rage in karɓi makullin nan, ya zauna a gida ya huta." Ni da Yaya muka kalli juna. Mun san abin da ke sa tsohon nan ya tashi daga gado da safe.

To sai ga sabuwar na'ura. Aka ɗauke tsohon injin mai maɓallai masu tauri, wanda aljihunsa ke fitowa da ƙarar ƙararrawa, aka kawo wani allo mai sheƙi da wurin sa katin banki da ɗan injin fitar da rasit. Duk aikinta a kan wayifai yake tafiya, wato sabis ɗin da ke fitowa daga wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu. Injiniya, wani dogon mutum mai babur ɗin da ake jin tahowarsa tun daga kwanar titi, ya ɗora akwatin a saman kabad ɗin Baba, don ta nan wayar kamfani ta shigo, nan kuma soket yake. Ya nuna wa Yaya wata alama a kusurwar allon mai kama da mafici. In ta cika, komai zai tafi. In ta dusashe, ba kati, ba rasit, Manaja kuma ba zai ga komai a wayarsa ba.

Yaya ba ta yi wasa ba. Ta yage murfin kwali ta rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, ta manna a gefen kanta. Lambar sirrin ma sai da ta haddace ta, tana danna ta da yatsa ɗaya, harshe a tsakanin haƙora. Ranar farko komai ya tafi daidai. Daga rana ta biyu mafici ya fara dusashewa. Mai kati ya tsaya, da'ira ta yi ta juyawa a allon, layi ya yi tsawo, wani ya yi tsaki ya ajiye zif ya fita. Can kuma, ba tare da kowa ya taɓa komai ba, sai ta farfaɗo na minti biyu ta sake mutuwa. A kira Injiniya, babur ya tsaya a ƙofa, kafin ya cire hular kwano mafici ya cika taf. Ya leƙa ɗakin baya, ga akwati a saman kabad yana ƙyafta fitilunsa, ya dawo ya ce, "Ni fa ban ga matsala ba. Ko dai ana danna abin da bai kamata ba?" Yana faɗa yana kallon hannun Yaya.

Da yammacin Litinin ɗin nan, bayan Manaja ya tafi, wani tela ya nemi babban almakashi. Yaya ta kira Baba. Ƙofar ƙarfe ta yi kuka, sai ga rasit ɗin wata mata da ya maƙale tun ɗazu ya fito da kansa. Na ga Yaya ta tsura wa allon ido. Kwaɗo ya yi ƙara, mafici ya dusashe. Na san fuskar da Yaya ta yi, ita take yi in tana auna launi biyu masu kama da juna.

Da safiyar Talata, shago ba kowa, sai na ji ta ɗaga murya: "Baba, almakashi!"

"Wa ya nema?" na ce.

"Yi min shiru ki kalli allon."

Ƙofa ta yi kuka, mafici ya cika. Yaya ta dafa kanta ta miƙe, ta ɗingisa zuwa labule ta yi sallama. A shekara ashirin da shida ban san ko ta shiga ɗakin nan sau biyar ba. Na bi bayanta, don ni ba a barina a baya. Ga kabad a buɗe, ga ɗan farin akwatin a ciki, a kan shiryayyen sama, an shimfiɗa masa ƙyalle mai tsabta, wayoyinsa sun bi ta ratar saman ƙofa sun lanƙwashe.

"Baba, akwatin nan a ciki yake zama?" Yaya ta tambaya a hankali.

"A ina kike so ya zauna? Kin san nawa yaron nan ya saye shi? Ya bar shi a fili kamar takalmin banɗaki." Ya gyara wa akwatin ƙaho ɗaya. "In na ji babur ɗin mai gyaran sai in fito masa da shi in ajiye inda ya bari, kada ya tsaya jira."

Dariya ta taso min, tsoro ya danne ta. Yaya ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta ce, "Baba, alfarma nake nema. Abin nan ba ya son ƙarfe. In an rufe shi, maganarsa ba ta isowa wurina. A bar shi a sama, ni zan sa masa ido."

Sai ya ce, "To, 'yata, tunda ke kika ce." Ya fito da shi da hannu biyu ya ɗora a sama.

Muka koma kanta, na'ura ta yi ta aiki kamar ba ita ba. Mutum shida suka biya da kati. Har na fara tsokanar Yaya wai ta zama injiniya, a sayo mata babur. Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ƙofar ƙarfe, muka ji kwaɗo. Mafici ya dusashe. Ko ya manta da maganar ne, ko idonsa ne ya kasa jure ganin abin a fili, Allah ne masani. Yaya ta sake komawa da rana, ya sake cewa to, ya sake mayarwa.

"Ki kira Manaja ki faɗa masa," na ce da ita. "Magana ɗaya ce, ki wanke kanki."

"In faɗa masa ubansa ne ya kashe masa ciniki sati uku? Kin manta abin da ya ce?"

"Ban manta ba. Ke kin manta da gwiwarki?"

Ta juya min baya tana gyara kwalin allura da ba abin da ya same shi.

Ranar Laraba Yaya ta fito da dabarar da har yau in na tuna ba na sanin dariya zan yi ko kuka. Da ta ga mai kati ya matso, sai ta ɗaga murya, "Baba, almakashi!" Kafin ya buɗe, ya zaɓo, ya miƙo, ta gama da katin, rasit ya fito. Ni kuma in karɓi almakashin in riƙe na ɗan lokaci, in mayar in ce bai yi wa mai shi ba, ƙofa ta sake buɗewa, ta sake wuce da wani katin. Sau tara muka yi haka. Wani tela ya ce, "Uwar Kanta, yau almakashi ake rabawa ne?" A karo na tara da hannun Baba ya ɓullo ta labule, na ji numfashinsa sama-sama. Ya ce, "Rediyo, telolin yanzu ba su san abu mai kyau ba." Kunya ta kama ni, na karɓi almakashin na koma kanta.

A hanyar gida na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce tana wahalar da tsoho don ta rufa masa asiri, tana kashe kanta don kada a kashe shi, kuma gobe Manaja zai zauna a shagon da kansa, sai ta kira almakashi a gabansa mu gani. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Gobe Injiniya zai zo. Baba zai ji babur ya fito da akwatin. In an wuce goben, sai in lallaɓa Injiniya a gefe ya mayar da shi kusa da ni, ba wanda ya sani." Na yarda dabara ce mai kyau, har hankalina ya ɗan kwanta.

Ranar Alhamis ƙarfe tara motar Manaja ta tsaya a ƙofa. Ya fito. Wata budurwa mai jakar hannu ta fito daga baya, wadda aka kawo don ta karɓi aikin Yaya. Sai ƙofar gaba ta buɗe, Injiniya ya fito. A mota suka ɗauko shi. Babu babur.

Na kalli Yaya, na ga leɓenta ya bushe.

Manaja ya jawo kujera ya zauna a gefen kanta. Injiniya ya tsaya a bayan Yaya ya harɗe hannu, budurwar ta tsaya a gefe tana murmushin da ba ta san inda za ta kai shi ba. Ba laifinta ba ne, amma a lokacin da zan iya da na watsa mata kwalin maɓalli. Teloli suka fara shigowa. Na farko ya miƙo kati. Mafici a dushe. Da'ira ta fara juyawa.

"Sake sa lambar, Anti," in ji Manaja.

Ta sa, yatsanta na kuskure, ta goge ta sake. Ba komai. Injiniya ya ce ta matsa, ya danna da kansa, ya kashe ya kunna. Ba komai. Karon farko ke nan da abin ya mutu a gabansa, na ga ya ɗaure fuska. Ya ciro wayarsa ya duba, ya ce, "Sabis ɗin ne ba ya isowa. Bari in ga akwatin." Ya nufi labule.

Taku huɗu ne tsakaninsa da labulen. A taku na biyu Yaya ta ɗaga murya, muryar ta fashe a tsakiya: "Baba, almakashi!"

Kwaɗo ya yi ƙara, ƙofa ta yi kuka. Rasit ɗin telan ya fito ɓirrr a cikin shirun da shagon ya yi. Injiniya ya tsaya cak, ya waiwayo ya kalli allon, ya kalli labulen. Manaja ya dubi layin teloli ya ce, "Wa ya nemi almakashi?"

Hannun Baba ya ɓullo da almakashin, ba wanda ya karɓa. Injiniya ya ɗaga labulen gaba ɗaya, sai ga komai a fili: saman kabad wayam, akwati a ciki a kan ƙyallensa, Baba a tsaye da kwaɗo a ɗaya hannun yana ƙifta ido.

"Kai!" in ji Injiniya. "A cikin ƙarfe? Ai ko sabon kamfani aka kawo ba zai yi aiki ba. Wa ke sa shi nan?"

Manaja ya miƙe a hankali. Ba Injiniya yake kallo ba, igiyar da ke aljihun ubansa yake kallo.

"Ni ce," in ji Yaya. Ta miƙe tsaye ta dafa kanta. "Ni na ce a riƙa sa shi ciki. Na ga abu ne mai tsada, ban san zai hana aiki ba."

Na buɗe baki, ta watso min wani kallo, na rufe. Ni da ba a kashe ni, ranar na mutu.

"Ke?" Manaja ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa, wanda ya fi tsawa muni. "Sati uku, Anti. Kina kallo ina kiran mutum ina sallamarsa, mutane na fita ba su saya ba, kin sani kika yi shiru? To ba sai an jira yamma ba." Ya juya wajen budurwar. "Zo ki zauna."

Yaya ta cire tabarau ɗinta ta ninke. Ta miƙa hannu ta ɓare murfin kwalin nan da ta rubuta matakai a kai. Ta sunkuya za ta ɗauki jakarta a ƙarƙashin kanta.

"Ajiye jakar nan."

Baba ne. Ya fito daga bayan labule har tsakiyar shago, abin da ya shekara biyu bai yi ba a gaban masu saye. Ya ajiye almakashin a kan kanta.

"Kai, dube ni," ya ce da ɗansa, sannan ya nuna Yaya. "Yarinyar nan ba ta taɓa sa min hannu a kabad ba, ba ta taɓa gaya min abin da zan sa a ciki ba. Ni na sa. Ta zo har ɗaki ta durƙusa ta roƙe ni in bar shi a waje, sau biyu, yanzu na tuna." Ya tsaya ya ja numfashi, ya juyo wajen Yaya. "Almakasan jiya, ba wanda ya nema, ko?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin kanta.

"Shekara ashirin da shida ba ki taɓa yi min ƙarya ba," ya ce. "Sai da na tsufa na sa kika koya."

Ya kai hannu aljihu ya fara kwance igiyar. Ƙullin ya daɗe, ya ɗauki lokaci, ba kuma wanda ya isa ya taya shi. Manaja ya miƙa hannu, idonsa ya yi ja. Baba ya wuce hannun kamar bai gan shi ba, ya kamo na Yaya ya sa mata makullin, ya naɗe mata yatsu a kai.

"Zauna a kujerarki, 'yata." Sannan ya ce da ɗansa, "Kai kuma kai ni gida. Na gaji."

Manaja bai yi musu ba. Ya riƙe masa hannu har mota, budurwar ta bi su sum-sum. Injiniya ya nemi tsanina, ya ja sabuwar waya, ya kafe akwatin a bango daidai saman kan Yaya. Bai yi minti arba'in ba. Da zai tafi ya tsaya ya ce, "Mama, ki yafe ni," ta ce ba komai.

Tun ranar mafici bai sake dusashewa ba. Yaya tana nan a kujerarta, yanzu har ita ke nuna wa Manaja inda ake dannawa in kati ya ƙi. Ya ba ta haƙuri, ta karɓa. Amma Baba bai sake zuwa shago ba. Mukan je gaishe shi, mu same shi a zaune a ƙofar ɗaki da kayan barci har rana ta take, ya tambaye mu ko ana ciniki. Ina jin haushin abin har yanzu, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Makullin yana wuyan Yaya a igiyarsa ta dā. Jiya wani tela ya shigo ya ce yana son babban almakashi. Tana tsakiyar danna allo, ba ta ko ɗago ba, ta ɗaga murya ta ce, "Baba..." Sai ta yi shiru. Ta dafa kanta ta miƙe, ta ɗingisa ta shiga bayan labulen da kanta.